Kai tsaye ko da yada zango: wane jirgi ya fi dacewa da tafiyarka?

Wanda zai tashi daga Landan zuwa Johannesburg, da zarar ya buɗe shafin sayar da tikiti, zaɓi iri biyu zai tarar. Akwai jirgin da zai ɗauke shi da daddare ya dire shi da safe, kimanin awa 11 a sama babu tsayawa. Akwai kuma wanda zai bi da shi ta Dubai ko Doha, ya sauka ya jira ya hau wani, tafiyar ta kai awa 17 zuwa 20, sai dai sau da yawa kuɗinsa ya fi sauƙi. Yawancin mutane lamba biyu kawai suke dubawa, kuɗi da awannin da aka rubuta a gefen tikiti, su yanke hukunci. Ni a ganina waɗannan lambobi biyu ba su isa ba. Abin da ya kamata a auna shi ne lokacin da za ka ɗauka daga ƙofar da ka fito zuwa ƙofar da za ka shiga, da kuma abin da zai same ka idan wani abu ya lalace a tsakiyar hanya.

Mu fara da nisan kansa, domin a kansa komai ya ginu. Nisan da ake rubutawa tsakanin birane biyu shi ne layi mafi gajarta a kan doron duniya, kuma tunda duniya a dunƙule take, wannan layin ba ya fitowa a miƙe a taswirar da aka shimfiɗa a takarda. Ɗauki ƙwallo, ka ɗora zare tsakanin wurare biyu, ka ja shi ya ɗame. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanyar jirgi. Shi ya sa jirgin Landan zuwa Los Angeles yake hawa arewa ya ratsa ta kan Greenland da arewacin Kanada, har fasinja ya riƙa kallon allon da ke gabansa yana zaton an yi zagaye da shi, alhali an bi da shi ta mafi kusa. Wannan yana da muhimmanci ga mai zaɓin tikiti, saboda garin da ka gani a taswira kamar yana kan hanya, mai yiwuwa ya yi nisa da ita ƙwarai.

Jiragen fasinja na yanzu suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa, a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Idan kana son ƙiyasi na gaggawa, raba nisan da 850, ka ƙara rabin awa na tafiya a kan titin jirgi da hawa da sauka. Landan zuwa Johannesburg kimanin kilomita 9,000 ne, lissafin zai ba ka awa 11 da 'yan mintuna, kuma haka abin yake a zahiri. Hanyoyin arewa zuwa kudu suna bin wannan lissafi sau da ƙafa. Na gabas zuwa yamma kuwa iska tana hana su. A can sama, daidai tsayin da jirage suke bi, akwai wata iska mai ƙarfi da take kaɗawa daga yamma zuwa gabas, ta fi tsananta da hunturu. Tsakanin Landan da Niyok kimanin kilomita 5,500 ne ko ta wane ɓangare ka auna, amma mai zuwa Niyok yakan yi kusan awa 8, mai dawowa kuma kusan awa 7. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya taso daga Niyok ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, iska ce ta turo shi.

Bayan iska sai siyasa. Tun watan Fabrairun 2022 da Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga kamfanonin jiragen Turai, hanyar Helsinki zuwa Tokyo da kamfanin Finnair yake yi cikin kimanin awa 9 ta koma kusan awa 13, domin dole a kewaye ƙasar ta kudu ko ta ƙuryar arewa. Biranen suna nan inda suke, hanyar ce ta tsawaita. Don haka duk shafin da ya ba ka awanni ta hanyar raba nisa da gudu kawai, ƙiyasi ya ba ka. Jadawalin kamfanin da zai ɗauke ka shi ne abin dogaro, kuma shi ma daga motsawar jirgi a wurin da ya ɗauki fasinja zuwa tsayawarsa a wurin da zai sauke su yake ƙirgawa, ba daga barin ƙasa zuwa taɓa ƙasa ba.

To, yanzu ga gwajin farko da nake ganin kowa ya kamata ya yi kafin ya karɓi tikitin yada zango: garin da za a sauke ka yana kan hanya, ko kuwa ratse za a yi da kai? Landan zuwa Dubai kimanin kilomita 5,500 ne, Dubai zuwa Johannesburg kuma kimanin 6,400. Haɗa su, ka kusa 12,000, a tafiyar da asalinta 9,000 ce. An ƙara maka kusan kashi ɗaya cikin uku na hanya, wato kamar awa 4 a kan kujera, kafin ma a zo maganar jira a filin jirgi. Kwatanta wannan da Landan zuwa Sidni. Nisan kimanin kilomita 17,000 ne. Idan ka bi ta Singafo, kimanin 10,900 ne da 6,300, jimla 17,200. Idan ta Dubai ne, kimanin 17,500. Kusan babu asarar hanya ko kaɗan, saboda garuruwan biyu suna kusa da layin da jirgi zai bi ko da bai tsaya ba. A tafiya ta farko yada zango tsada ne da ake biya da lokaci. A ta biyu kuwa hutu ne da ya zo kusan a kyauta. Tikiti iri ɗaya, filin jirgi ɗaya ma, amma hukunci biyu daban.

Wannan hanya ta Landan da Sidni tana nuna irin nisan da aka yi. A 1947, da kamfanin Qantas ya fara bin ta da jirginsa ƙirar Lockheed Constellation, kimanin kwana 4 ake yi, ana sauka a Darwin da Singafo da Kalkata da Karachi da Alƙahira da Tarabulus. Yau awa 22 zuwa 24 ne da zango ɗaya. Tun Maris na 2018 kuma kamfanin yana tashi daga Perth zuwa Landan babu tsayawa, kimanin kilomita 14,500 cikin awa 17.

Gwaji na biyu shi ne tsawon jiran, kuma a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Idan aka ga zango na minti 55, sai a yi murna an sami hanya mai sauri. Kowane babban filin jirgi yana da mafi ƙarancin lokacin da aka amince mutum zai iya sauya jirgi a cikinsa, kuma kamfani ba zai sayar maka da tikitin da ya gaza wannan ba. Amma wannan ma'auni an yi shi ne don ranar da komai ya tafi daidai: jirgin farko ya sauka a kan kari, an ba shi ƙofa nan take, layin bincike bai yi tsawo ba, kai kuma kana da ƙafar sauri. Akan rufe ƙofar hawa jirgi minti 15 zuwa 20 kafin lokacin tashi, don haka minti 55 ɗinka a gaskiya 35 ne. Idan ka rasa jirgin, kuma hanyar sau ɗaya ake bin ta a rana, saurin da ka nema ya jawo maka kwana guda cur. Sauri ya haifi nawa, in ji masu magana. Ni dai na fi natsuwa da awa 2 zuwa 3 a tafiyar ƙasa da ƙasa. Abin da ya wuce awa 6 kuma ya zama wata wahalar ta daban, sai fa idan ya kai tsawon da za ka kama ɗaki ka yi barci sosai. Wasu kamfanonin suna ba da otal ga mai dogon jira bisa sharuɗɗa, yana da kyau a tambaya kafin a biya.

Abin da ya fi tsawon jira muhimmanci shi ne ko tafiyar duka a kan tikiti ɗaya take. Idan tikiti ɗaya ne, ko da kamfanoni biyu ne suka yi haɗin gwiwa, alhakin kai ka ƙarshen tafiya yana wuyansu. Jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, su za su nema maka gurbi a na gaba ba tare da ka ƙara ko kwabo ba, kuma galibi jakarka tun daga farko aka liƙa mata takardar garin ƙarshe. Idan kuwa kai ne ka haɗa tikiti biyu daban don rage kuɗi, ko wani shafin intanet ya haɗa maka su, kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba. Ba ka zo ba, kujerarka ta tafi, kuma a yawancin kamfanoni rashin hawa jirgin zuwa yana sa a soke na dawowa ma. Dole ka fita ka karɓi jakarka, ka wuce gaban jami'an shige da fice, ka sake bin layin awon kaya. Wannan shi ne zaɓin da na fi jin tsoronsa a madadin matafiyi, musamman wanda bai saba ba. Idan dole ne sai an yi shi, a bar tazarar rabin yini, ko ma a kwana.

Akwai dokokin da suke kare fasinja, amma ba ko'ina suke aiki ba. A Tarayyar Turai dokar shekarar 2004 mai lamba 261 ta tanadi diyyar yuro 250 ko 400 ko 600, gwargwadon nisan tafiya, an raba matakan a kilomita 1,500 da 3,500, kuma da wancan layi mafi gajarta ake auna nisan. Kotun Tarayyar ta yi hukuncin cewa wanda ya isa garin ƙarshe da jinkirin awa 3 ko fiye yana da haƙƙin wannan diyya, sai dai idan dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar mummunan yanayi. Dokar ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasar Tarayyar, da wanda zai sauka a cikinta idan kamfanin na Tarayyar ne. Ga kaya kuma akwai Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta ɗora wa kamfani alhakin jakar da ta ɓata ko ta makara, har zuwa wani iyaka. Ka lura, garin ƙarshe a idon doka shi ne wanda yake kan tikitinka. Mai tikiti biyu daban, garin zangonsa ne garin ƙarshe a wurin kamfani na farko. Kuma maganar kaya, babban kaso na jakunkunan da suke makara a wurin sauya jirgi suke tsayawa. Mai tafiya kai tsaye ya rage wa kansa wannan fargaba sosai. Mai yada zango kuwa ya sa maganinsa da takardunsa da kayan sawa na kwana ɗaya a jakar hannu.

Sai biza, wadda ita kaɗai tana iya rushe duk lissafi. Amurka ba ta da tsarin wucewa ba tare da shiga ƙasa ba. Ko awa 2 za ka yi a filin jirginta kan hanyar zuwa wata ƙasa, sai ka sami izinin shiga, ka bi layin jami'an shige da fice. Birtaniya da ƙasashen Turai na yankin Schengen, waɗanda suka cire binciken kan iyaka a tsakaninsu, suna buƙatar bizar wucewa daga masu fasfo na wasu ƙasashe, ko da ba za su fita daga filin jirgi ba. Wani tarko kuma shi ne tikitin da yake da zango biyu a cikin yankin Schengen, misali Faris sannan Madrid: jirgin da ke tsakaninsu kamar na cikin gida ne, don haka sai ka shiga yankin da cikakkiyar biza. Wanda bai duba wannan ba, tun a filin jirgi na farko za a hana shi hawa. Haka nan a duba ko filin da za ka sauka shi ne wanda za ka tashi. Landan tana da Heathrow da Gatwick, tsakaninsu kusan kilomita 70 a mota. Faris tana da Charles de Gaulle da Orly, Tokyo tana da Narita da Haneda. Tikiti yakan rubuta sunan gari ɗaya, sai ƙananan haruffa uku na filin jirgi ne za su nuna maka akwai tafiyar mota a tsakiya.

Duk wannan kamar yana cewa kai tsaye ne kawai mafita, amma jiki yana da tasa maganar. Jirgin Singapore Airlines tsakanin Singafo da Niyok yana cin kimanin kilomita 15,300 cikin awa 18 zuwa 19. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, kuma matsinta kamar na wanda yake kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Zama wuri ɗaya fiye da awa 4 yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, musamman ga mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda abin ya taɓa samu. Ga irin waɗannan, da mai ciwon baya, da wanda ba ya iya barci a zaune, raba tafiyar awa 16 gida biyu da miƙe ƙafa a tsakani rahama ce. Amma a tafiyar awa 6 zuwa 11 na fi karkata ga kai tsaye, har ga tsofaffi da masu ƙananan yara, watakila ma su suka fi buƙatarsa. Wahalar mai goyo ba zaman jirgi ba ce kamar tashin yaro daga barci da ƙarfe 2 na dare, a naɗe keken jariri, a sake cire kaya a wurin bincike, a yi doguwar tafiya zuwa wata ƙofa. Dattijon da ba ya jin harshen da ake sanarwa da shi kuma, sauya jirgi ne wurin da ya fi iya ɓata. Idan babu makawa, a nema masa taimakon keken guragu ko ɗan rakiya daga kamfani tun lokacin sayen tikiti. Rikicewar barci saboda bambancin agogo kuwa, zango na awa 3 ba ya maganinta. Ita yawan awannin da ke tsakanin agogon garuruwan biyu take bi, kuma ta fi tsanani ga mai tafiya gabas. Shi ya sa mai zuwa Johannesburg daga Landan, inda bambancin awa 1 ko 2 ne kawai, yakan sauka da safe ya kama aikinsa, mai zuwa Tokyo kuma ya yi kwanaki yana fama.

Maganar kuɗi gajera ce. Tikitin yada zango yakan fi araha saboda kamfanoni da yawa suna gasa a kan fasinja ɗaya, kowa yana son jan sa ta cibiyarsa, alhali hanyar kai tsaye kamfani ɗaya ko biyu ne suke riƙe da ita. Cire kuɗin bizar wucewa, da abincin filin jirgi, da otal idan an kwana, da ranar aiki da ta salwanta, ka ga abin da ya saura na rarar. Idan ya saura da kauri, kuma kana da lokaci, ɗauka. Ɗalibi mai dogon hutu da ɗan kasuwa mai taro gobe da safe ba ma'auni ɗaya suke da shi ba.

Idan biranen biyu suna kusa kuma, tambayar takan sauya gaba ɗaya, ta koma tsakanin jirgin sama da na ƙasa. Madrid zuwa Barcelona awa 1 da 'yan mintuna ne a sama, amma ƙara tafiya zuwa filin jirgi, da zuwa da wuri don bincike, da jiran kaya, da shiga gari a ɗaya ɓangaren, ka doshi awa 4. Jirgin ƙasa mai gudu da aka buɗe a 2008 yana yin ta cikin kimanin awa 2 da rabi, daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari. Haka Tokyo da Osaka, kilomita 515 a layin Shinkansen da aka buɗe tun 1964, da Faris da Lyon cikin kimanin awa 2. A 2023 Faransa ta kai ga hana wasu jiragen cikin gida a hanyoyin da jirgin ƙasa yake yi cikin ƙasa da awa 2 da rabi. Ko Beijing da Shanghai, masu nisan kilomita 1,318 a layin dogo, jirgin ƙasa mafi sauri yana haɗa su cikin kimanin awa 4 da rabi, kuma yana gogayya da jirgin sama sosai. Inda tafiyar dogo ba ta wuce awa 4 ba, da wuya jirgin sama ya riga ta daga ƙofa zuwa ƙofa.

Abu biyu suka rage da za a karanta a jikin tikitin kafin a danna biya. Na farko, lambar jirgi ɗaya ba ta nufin babu tsayawa. Jirgin British Airways mai lamba BA15 daga Landan zuwa Sidni lambarsa ɗaya, amma yana sauka a Singafo ya sha mai kafin ya ci gaba. Nemi inda aka rubuta yawan zango, kada ka dogara da lambar. Na biyu, duk lokacin da aka rubuta a tikiti agogon garin da abin zai faru ne, tashi da agogon garin tashi, sauka da agogon garin sauka. Jirgin da ya bar Tokyo da ƙarfe 5 na yamma yakan sauka Los Angeles da hantsin wannan ranar dai, bayan kimanin awa 10 a sama, saboda ya tsallake layin da kwanan wata yake sauyawa. Mai komawa Tokyo kuma ranar gobe yake sauka. Idan ka ga ƙaramar alamar +1 ko +2 kusa da lokacin sauka, kwana ɗaya ko biyu ke nan aka ƙara a kan ranar tashi, kuma da wannan ranar za ka kama ɗakin otal, ita za ka faɗa wa mai zuwa tarbarka.